Yadda mutanen Maharashtara ke haɗa modak su miƙa wa Ganesh, tun daga wanke shinkafa har rabon prasad

Duk wanda ya taɓa zama Indiya, karatu ne ya kai shi ko jinya ko kasuwanci, ya san abun nan da ake miƙo maka a tafin hannu ace prasad ne. Wani lokacin ɗan dunƙulen alawa ne, wani lokacin guntun kwakwa ko ayaba, wani lokacin ma madara ce cokali ɗaya. Da yawanmu karɓa muke ko mu ƙi karɓa ba tare da mun san daga ina ya fito ba, da abun da aka yi da shi kafin ya iso hannunmu. Toh yau shi zan warware muku dalla-dalla, kuma misali ɗaya zan ɗauka in bi shi tun daga farko har ƙarshe, don Indiya in kace sai ka faɗi yadda kowa ke yi zaka shekara baka gama ba, kowace jiha da nata, kowane gida ma da nashi. Misalin shi ne modak, wanda ake yi wa Ganesh, abin bautarsu mai kan giwa, yadda ake yinsa a gidajen Pune da Mumbai a jihar Maharashtara.

Ni Musulma ce, kuma ba bautar kowa nazo koya wa mutane ba. Abun da ke damuna shi ne yadda muke zama cikin mutane shekara da shekaru, suna mana alheri, amma bamu san abun da suka ɗauka da girma ba, sai mu taka shi cikin rashin sani su ji ciwo, ko kuma mu afka cikin abun da bai dace damu ba saboda kunya. Sani ne maganin duka biyun. Girkin kansa kuma abinci ne na shinkafa da kwakwa da mazarƙwaila, kowa zai iya yi a kicin ɗinsa ya ci da iyalansa, ba sai an miƙa wa kowa ba.

Abun da ya kamata ku fara riƙewa, wanda in kun riƙe shi duk sauran matakan zasu zauna muku a kai, shi ne su a wajensu abin bautar baƙo ne mai daraja da ya sauka a gida. Cikakkiyar puja, wato bautar da suke masa, tana da hidima 16, ana kiransa, a bashi wurin zama, a wanke masa ƙafa, a masa wanka, a sa masa kaya, a shafa masa sandal, a bashi fure, a kunna turare, a kunna fitila, sannan a kawo abinci. Mai sauri yana taƙaitawa zuwa 5: sandal, fure, turare, fitila, abinci. Kun ga ko a gajeren ko a dogon abinci yana nan, ba'a tsallake shi. Kafin a miƙa abincin, sunansa naiwedya, a arewacin ƙasar da Bengal kuma bhog zaku fi ji, in an gama miƙawa an dawo da shi sai ya koma prasad, wato ragowar baƙon, wanda suke ɗauka albarka ne. Shi yasa babu wanda zai rigaye baƙo ci, ko ɗanɗano.

Lokacin da aka fi yin modak shi ne bikin Ganesh Chaturthi, ranar 4 ga farin watan Bhadrapada a kalandarsu, yana faɗowa ne tsakanin Agusta da Satumba. Ana kawo murti, wato siffar Ganesh da aka ƙera da yumɓu, a ajiye a gida, wasu kwana ɗaya da rabi, wasu 5, wasu 7, wasu 10, sannan a kai shi ruwa a nutsar. Da can harkar cikin gida ce, Bal Gangadhar Tilak, ɗan gwagwarmayar neman 'yancin Indiya, shi ne ya fito da ita titi a 1893 lokacin mulkin Ingila don ya samu hanyar tara jama'a wuri ɗaya, shi yasa yanzu zaka ga unguwa guda ta haɗa kuɗi an kafa rumfa, irin ta Lalbaugcha Raja a Mumbai da ake yi tun 1934 mutane na kwana a layi. Amma ni na cikin gida zan bi, don nan ne ake ganin aikin hannu. Bayan bikin shekara kuma akwai masu azumin Sankashti duk wata, sai wata ya fito da dare suke miƙa modak sannan su sha ruwa.

Matakin farko ba a tukunya yake ba, a jikin mai girki yake. Da asuba zata yi wanka ta sa kayan da aka wanke aka shanya daban ba wanda ya taɓa, a gidajen da suka riƙe al'ada sosai akwai wani zane na siliki da suke kira sowale wanda don wannan aikin kawai aka ajiye shi, in ta ɗaura shi ko ɗanta bazai taɓa ta ba sai ta gama. A goge kicin da murhu, takalmi baya shiga, tukwane da cokula da yawa suna da nasu na musamman da basu taɓa ganin nama ko ƙwai ba. Ranar babu albasa babu tafarnuwa, balle nama ko kifi, don a rabe-raben abincinsu albasa da tafarnuwa suna cikin masu tayar da sha'awa da kasala, su kuma abun da suke kira satwik suke so, mai sanyaya zuciya. Sai babbar dokar, ba'a ɗanɗanawa. Ba gishiri ba zaƙi, ba lasar yatsa, wasu ko sunsunar tururin da gangan basa yi. Duk abun da yawu ya taɓa ya zama ushta, ya tashi daga layin abun da za'a miƙa, shi yasa zaku ga in ƙishi ya kama mai girki sai ta ɗaga kofi sama ta zuba ruwan a baki leɓenta bai taɓa kofin ba, ko ta sha ta wanke hannu kafin ta koma. Gaskiya wannan ya burge ni ta fuskar girki zalla, mace ta dafa kala shida bakwai bata ɗanɗana ko ɗaya ba kuma gishiri ya fito daidai, ido da hannu kawai.

Yanzu kayan haɗi, kuma daga nan da "ki" zan yi magana don uwargida nake hange. Na modak 21 ne, don 21 ne adadin da ake miƙa wa Ganesh, masu ƙaramin ƙarfi ko ƙaramin gida suna yin 11 ko 5. Garin shinkafa kofi 2, ruwa kofi 2, man shanu cokalin shayi 2, gishiri ɗan kaɗan. Na ciki kuma gogaggiyar ɗanyar kwakwa kofi 2 da rabi, mazarƙwaila da aka daddatsa kofi 1 da kwata, garin habbahan irin wanda ake sa wa shayi rabin cokalin shayi, gyaɗar ƙamshi ɗan kaɗan in kina so. Mazarƙwailar su gul suke ce mata, ta rake ce sak irin tamu, don haka ba sai kin nemi wani abu daga waje ba.

Garin shinkafar nan shi ne rabin aikin, kar ki raina shi. Su wata shinkafa mai ƙamshi suke nema ana ce mata ambemohar, sabuwar girbi tafi danƙo. A wanke ta a tsane, a baza kan zane a inuwa, ba'a rana ba, ta bushe sosai har kwana biyu ko uku, sannan a kai niƙa a tankaɗe da rariya mai laushi. In garin yana da tsaki-tsaki modak ɗin zai tsage wajen naɗi, ba yadda zaki yi da shi. A wajenmu shinkafar tuwo ita ce ta dace, wadda ba'a turara ba, ta buhu mai tsayin nan da aka turara bata da danƙon da ake so. Kuma ki tabbata injin da zaki kai ba'a niƙa barkono ko wake a ciki ba kafin naki.

Ki fara da na ciki saboda sai ya huce. Kwakwar farin kawai ake so, in kika goga har baƙin bayan zai ɓata kala. Ki sa ɗan man shanu a kasko mai kauri, ki zuba kwakwa da mazarƙwaila tare, wuta matsakaiciya, kina juyawa. Da farko zai saki ruwa ya yi kaman ya lalace, kar ki tsorata, ci gaba da juyawa minti 8 zuwa 10 har ruwan ya janye ya fara haɗe jikinsa yana sheƙi. Nan ne wurin lura: in kika sauke da ruwa-ruwa zai huda kwaɓin ya tsiyaye a madambaci, in kuma kika bar shi ya wuce zai daskare ya yi tauri in ya huce sai an sa haƙori da ƙarfi. Ki danna shi da bayan cokali, in ruwa bai taru a gefe ba kuma har yanzu da laushinsa toh ya yi. Ki sauke ki barbaɗa habbahan, ki juye a faranti ki baza ya sha iska.

Sai kwaɓin, wanda suke kira ukad, daga nan ma sunan ukadiche modak ya fito, wato na turarawa. Duk wadda ta iya tuƙa tuwon garin shinkafa ta gama rabin karatun, bambancin kawai babu talge kuma ba'a barinsa ya daɗe a wuta. Ruwa kofi 2 a tukunya da man shanu da gishirin, ya tafasa sosai, ki rage wuta can ƙasa ki juye garin gaba ɗaya lokaci guda ki juya da muciya da sauri har ya shanye ruwan, zai yi gudaji-gudaji ba kyan gani, haka ake so. Ki rufe minti 2 ko 3 a ƙaramar wutar, ki kashe, ki bar shi a rufe minti 5. Daga nan ki juye a faffaɗan tire ki murza shi tun da zafinsa, wannan ba'a jira, in ya huce ya ƙi. Tunda zafi ne ki fara danna shi da gindin kwano, in hannu zai iya sai ki riƙa tsoma hannu a ruwan sanyi da ɗan mai kina murzawa da tudun tafin hannu, minti 8 ko 10, har ya yi sumul ba gudaji ko ɗaya, in kin mulmula ƙwallo kin danna gefensa bai tsage ba. In yana tsagewa ki yayyafa ruwan ɗumi kaɗan-kaɗan ki ci gaba. Ki rufe da jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta, kina ɗiba kina mayar da rufin, iska ce babbar abokiyar gabansa.

Naɗin shi ne inda ake gane gwana. Matar mai gidan da na yi haya a Pune, Kaku muke ce mata kaman yadda ake kiran duk matar da ta kai sa'ar uwa a can, ta bar ni na zauna daga bakin ƙofar kicin ina kallo, ciki dai ban shiga ba ranar kuma ban ji haushi ba don ko jikokinta a waje suke. Zata gutsuro kwaɓi kaman girman lemun tsami ta mulmula, ta luma babban yatsa a tsakiya, sai ta riƙa juya shi tsakanin yatsun hannu biyu tana matse gefen yana faɗi yana zurfi har ya zama ɗan ƙoƙo siriri, bakin ya fi gindin sirantaka, in ta ɗaga shi har haske kake hangowa ta jikinsa. Ta zuba cokali ɗaya na kwakwar a tsakiya, sannan da yatsa biyu ta riƙa tsunkule gefen daga waje tana fitar da tsaga-tsaga a tsaye kewaye da ƙoƙon, ta ɗora a tafin hagu ta riƙa juyawa a hankali tana tattaro tsagogin sama har su haɗu su yi tsini. Bata kallon hannunta ma, hira take. Mai koyo ta fara da tsaga 5 ko 7, gwanaye suna wuce 11, kuma yawan tsagar abun alfahari ne tsakanin matan unguwa. Ki riƙa shafa wa yatsunki ruwa ko mai. Kar ki cika cikin da yawa don bakin bazai rufu ba, kuma in ya ɓule a ƙasa ki manna ɗan kwaɓi ki shafe. Akwai abun matsawa na roba ko na ƙarfe da ake sayarwa, a shafa mai a cusa kwaɓi a zuba ciki a rufe gindi a buɗe, yana fitowa da kyau, amma a ganina na hannu ya fi laushi saboda fatarsa tafi siriri. A gidaje da yawa in an yi modak sai an naɗa guda ɗaya mai siffar rabin wata, karanji, suna cewa 'yar'uwarsa ce ba'a raba su.

Turarawa ba wuya. Ruwa ya tafasa a ƙasan madambaci, ki shimfiɗa ganyen ayaba da kika shafa wa mai, a yankin Konkan na bakin teku ganyen kurkum suke sawa kuma ƙamshin da yake bayarwa daban ne wallahi. Ki tsoma gindin kowane modak a ruwa ki jera da ɗan tazara, ki rufe minti 10 zuwa 12. In ya nuna zai yi sheƙi kuma bazai manne wa jiƙaƙƙen yatsa ba. Ki bar shi minti biyu kafin ki ɗauka, da zafin farko yana yagewa.

In don ci ne kika yi toh aikinki ya ƙare a nan, ki fasa tsinin ki zuba narkakken man shanu a ciki ki ci da ɗuminsa. Abun da ya biyo baya bayanin yadda su suke yi ne.

Modak baya tafiya shi kaɗai ranar biki, cikakken abincin rana ake jerawa a kan ganyen ayaba, tsinin ganyen yana kallon hagun mai ci, kuma komai da mazauninsa. Hagu na kayan ɗanɗano ne, yankan lemun tsami, catni, da koshimbir wato yankakken kokwamba da nono. Dama na ganye da dankali ne. Tsakiya farar shinkafa da aka kife daga ɗan kwano ta yi tudu, a zuba mata waran, wato dafaffen waken tur da aka dama da kurkum ba yaji, a ɗiga man shanu a kai. Gishiri kuma gida-gida ne, wasu suna sawa a gefen hagu wasu basa sawa a ganyen abin bauta sam. Modak ɗin 21 a faranti daban ko a gefen ganyen, kowanne da ɗigon man shanu, ga kofin ruwan sha na tagulla ko azurfa a gefe. Akwai kuma panchamrit, haɗin abu 5, madara, kindirmo, man shanu, zuma da sukari, wanda aka yi wa murti wanka da shi tun farkon puja, shi ne wanda ake zuba wa mutane cokali ɗaya a tafi daga baya.

Wajen ganye da fure kowane abin bauta da nashi, kuma kuskure a nan babba ne a wajensu. Ganesh ciyawar durwa yake so, ita ce kiri-kirin nan tamu, a tsinko masu kai uku-uku a ɗaure 21, da jan fure dangin soɓorodo. Krishna da Wishnu kuwa abinci baya karɓuwa sai an ɗora ganyen tulsi a kai, dangin ɗoɗɗoya ce, amma ita tulsin in ba ranar Ganesh Chaturthi ba ba'a ba Ganesh ita. Shiwa kuma ganyen bel.

Miƙawar kanta bata wuce minti biyar ba. Mai gida ko limaminsu zai zauna gaban murti, ya tsoma yatsa a ruwa ya zana murabba'i a ƙasa ya ɗora ganyen ko farantin a kai, don ba'a ajiye wa baƙo abinci a busasshiyar ƙasa haka kawai. Ya ɗebi ruwa a tafin dama ya zagaye farantin da shi ta hannun dama, ya tsoma durwa a ruwa ya yayyafa wa abincin. Sannan ya rufe idonsa ko ya kare su da hannun hagu, don ba'a zuba wa mai cin abinci ido, da hannun dama kuma yana kaɗa tururin abincin zuwa wajen murti kaman mai bada loma, yana karanta kalmomi na Sanskrit, tsohon yaren addininsu, da ke ambaton iskoki 5 da suka yi imani suna aiki a jikin mutum, prana, apana, wiyana, udana, samana, kowanne loma ɗaya, ya cika da ta shida. Wani na gefe yana kaɗa ƙaramar ƙararrawa. A tsakiya sai ya zuba ruwa cokali ɗaya a wani faranti, ruwan shan tsakiyar cin abinci kenan, ya sake zagaye na biyu na lomomin, sannan ruwan wanke hannu, ruwan kurkure baki, a kawo ganyen pan da ƙwallon supari da ake taunawa bayan cin abinci da 'yan kuɗi a ajiye. A manyan wuraren bauta labule ake ja ko a rufe ƙofa gaba ɗaya a wannan lokacin, in kun taɓa zuwa kallo aka ce ku jira an rufe, toh yawanci abun da ake yi kenan.

Wanda bai iya Sanskrit ba bai fasa ba, tsofaffi mata da yawa da yarensu na Marathi suke cewa Bappa, wato Ganesh, ga abinci ka ci, shikenan. Kuma ba dole sai mai kuɗi ba, a littafinsu Bhagavad Gita babi na 9 aya ta 26 Krishna ya ambaci ganye, fure, ɗan itace ko ruwa, cewa in da zuciya ɗaya aka bayar yana karɓa. Shi yasa ɗalibi a hostal zai ajiye sukari cokali ɗaya ko ayaba guda gaban hoto kafin ya tafi jarabawa, a wajensa ya yi naiwedya cikakke.

Bayan an ɗan dakata sai a yi arti, a kunna kafur ko fitilar man shanu ana zagayawa gaban murti, duk gidan a tsaye ana tafi ana waƙa ana ɗaga murya da Ganpati Bappa Morya. Daga nan abincin ya zama prasad. A ɗebi na ganyen a mayar cikin manyan tukwane a gauraya don duk abincin gidan ya samu, a cire wani kaso a kai wa saniya, sannan a raba. Mai karɓa yana ɗora tafin dama a kan na hagu, ya ɗan sunkuyar da kai, wasu su kai shi goshi kafin baki. Ba'a karɓa da hagu, ba'a zubarwa a shara, ba'a bari ya faɗi a taka, ba'a cewa ya yi zaƙi da yawa ko gishiri bai ji ba. Kuma ba'a ware wanda za'a ba, mai aiki, mai gadi, maƙwabci, duk wanda ya gitta sai an miƙa masa, nan ne mu muke shigowa cikin lissafin.

Kafin nan bari in ɗan leƙa wasu wuraren don kar ku ɗauka ko'ina haka ne. A Tamil Nadu irin wannan abincin kozhukattai sunansa. A Puri ta jihar Odisha, wurin bautar Jagannath, a tukwanen ƙasa sababbi ake dafawa da itace, ana ɗora tukunya kan tukunya, sun shahara da kala 56, kuma sai an kai wa Jagannath an kai wa Bimala, wata abar bautarsu mace, sannan ya zama mahaprasad a sayar a kasuwar Ananda Bazar da ke cikin harabar, wanda ba Hindu ba baya wuce ko ƙofar. A wurin bautar garin Tirupati laddu ne, wani dunƙulen alawa, wanda tun 2009 aka masa rajistar da ta hana wani yin amfani da sunan, kuma da aka yi zargi a 2024 cewa an gurɓata man shanun da ake yinsa da kitsen dabba sai da maganar ta kai kotun ƙoli, kun ga girman abun a zuciyarsu. Sannan ba duka ne marasa nama ba, a wasu wuraren bautar Kali da Kamakhya ta Assam ana yanka awaki, don haka kar ka ji prasad ka ɗauka kullum alawa ce.

Toh in an miƙo maka fa? Naman da aka yanka don wanin Allah babu magana a kansa, Alƙur'ani ya haramta a fili. Wanda ba nama ba, irin alawa da 'ya'yan itace, shi ma yawancin malaman da na ji sun ce a nisance shi tunda an riga an gabatar da shi a wajen bauta, kuma abun da nake bi kenan, mai son ƙarin bayani ya tambayi malaminsa. Amma yadda zaka ƙi shi ne aikin. Mafi sauƙi ka faɗa tun kafin ranar, ka samu mai gidan ko abokin karatunka ka ce addinina bai bar ni in ci abun da aka miƙa ba, amma ina taya ku murna. Suna ganewa fiye da yadda kuke zato, mutanen da su kansu suke da dokokin ci kala-kala, wannan baya cin albasa wancan baya cin ƙwai, kuma sun saba zama da Musulmi tun kaka da kakanni. In an zo maka ba shiri ka sa hannun dama a ƙirji ka yi godiya da fara'a ka ce ba zaka iya ba. Kar ka yamutsa fuska, kar ka ture hannun mutum, kuma don Allah kar ka karɓa don kunya sannan ka jefa a kwandon shara ko ka ba kare, in suka gani ciwon da zasu ji ya fi na ƙin karɓa sau goma. In ya riga ya shigo hannunka ka ba wani Hindu da ke kusa, da murna zai karɓa.

In kuma an gayyace ka cin abincin rana na bikin, ka tuna abun da na faɗa cewa ana mayar da na ganyen cikin tukwane, don haka ka roƙa tun da wuri a ɗebar maka naka kafin a kai gaban murti. Wasu gidajen zasu ce ba'a fitar da komai kafin baƙon ya ci, sai su ajiye maka kwaɓi da kwakwa a gefe su turara maka naka daga baya a matsayin abinci kawai, haka Kaku take min, wasu kuma su kira ka wata ranar daban. Ka cire takalmi a ƙofa, kar ka shiga kicin sai an ce ka shigo, kar ka taɓa farantin da aka jera ko ka miƙe ƙafa tana kallon murti, in an fara arti kana iya komawa gefe ko ka fita baranda ba wanda zai ce maka don me.

Modak na turarawa baya kwana biyu a waje saboda ɗanyar kwakwar, ranar da aka yi ake cinye shi, in ya ragu a sa a firij a sake turarawa minti 3 ko 4 washegari, kar a soya shi kar a sa a ruwa. Masu son wanda zai daɗe, musamman don rabon kwanaki goman nan ko aika wa 'ya'ya a makaranta, da fulawar alkama suke yi su murza ta siriri su zuba busasshiyar kwakwa da sukari su soya a man shanu ko man gyaɗa a ƙaramar wuta har ya yi ja, wannan yana kai sati a gwangwani mai murfi in an bar shi ya huce sosai kafin a rufe.